Abin da Jalo Ya Faɗa wa Injin Kurma

Duk wanda ya yi wayo a Bauchi kafin 'yancin kai ya san Jalo, ko da bai san sunansa ke nan ba. Ƙi-Allura ake ce masa. Da shi mahauta suke gaishe shi a kara, kasuwar shanu, da shi ake kwatanta gidansu a Ƙofar Dumi. Shekara bakwai ya yi yana fitowa a majigi, sinimar nan ta gwamnati da ake yawo da ita a mota, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba a haska wa jama'a. A duk wasannin da ya yi bai taɓa fitowa a mai hankali ba. Tsarin majigi ke nan a lokacin: mutum biyu, ɗaya ya bi maganar ma'aikata ya ji daɗi, ɗaya ya ƙi ya sha wuya. Jalo ne mai shan wuyar. Shi ya ƙi haƙa masai, shi ya zuba tsakuwa cikin auduga, shi ya ƙi zuwa ajin yaƙi da jahilci har ya riƙe wasiƙa a kife.

Mutanen gari sun ce talauci ne ya sa Bafillace ɗan gidan mutunci ya yarda ana yi masa dariya daga nan har Azare. Wannan bayani ya yi sauƙi da yawa. Masu talauci sun cika kara a lokacin, ba wanda ya yi abin da Jalo ya yi.

A ruga aka haife shi, gabas da gari. Ubansa Modibbo yana da garke na a zo a gani, da 'ya'ya maza biyu: Hammajoda babba, sai Jalo da ya biyo shi da shekara shida. A shekarar 1943 bushiya ta shigo ƙasar, ciwon nan da ke sa saniya hawaye da zawo har ta faɗi. Masu allurar shanu suka kafa sansani. Ƙafafun Modibbo sun riga sun gaza, saboda haka ya umarci Hammajoda ya kai garken. Hammajoda ya duba ya ga shanu da yawa sun kusa haihuwa, ya ji tsoron kada tafiya da allura su sa su ɓari, ya ce a dakata mako ɗaya. A cikin makon nan ciwon ya shiga garken. Kafin wata ya ƙare ba abin da ya rage sai turaku da igiyoyi. Modibbo ya dubi babban ɗansa a gaban mutane ya ce, "Kai ka kashe su." Bai janye maganar ba har ya rasu da damina.

Akwai abin da ba wanda ya sani sai Jalo. A cikin makon jiran nan, wata rana shi ya fita da shanun, kuma bai kai su rafin da suka saba sha ba. Ya kora su wani tafki da ke kusa da rugar su Kubura, yarinyar da yake so. A hanya wani tsoho ya tare shi ya gaya masa shanu masu hawaye sun sha a tafkin jiya. Jalo ya yi godiya, ya bari tsohon ya wuce, ya ci gaba. Shekararsa goma sha tara. Ya ga Kubura, sun yi hira a gindin kanya har la'asar, shanunsa suna cuɗanya da na wasu a bakin ruwa. Kwana huɗu bayan haka Wule, babbar saniyar uban, ta fara hawaye.

Yana tsaye a wurin lokacin da uban ya yi waccan magana. Bai ce komai ba.

Bayan rasuwar Modibbo suka shigo gari. Jalo ya auri Kubura, ya sami aikin kamun shanu a kara. Matar Hammajoda ta koma wajen danginta, shi kuma bai sake neman aure ba. Daga baya sanƙarau ya kama shi, ya tashi da ransa amma kunnuwansa sun tafi. Sai ya koyi ji da ido. In ka tsaya inda haske yake ka yi magana a hankali, zai karanta leɓenka, ko da Hausa ko da Fillanci. Bakin da ya fi iya karantawa shi ne na ƙanensa. A zauren gidan Jalo yake zaune yana tufkar igiya, a akushi ɗaya suke cin abinci safe da yamma. In an sami nama, Jalo yakan tura tsokar ɓangaren wansa. Unguwa duka ta shaida zumuncinsa, har ana ba da misali da shi. Amma akwai kyautatawar da ƙauna ke haifarwa, akwai wadda tsoro ke haifarwa, kuma daga waje kamarsu ɗaya.

A 1955 masu ɗaukar majigi suka zo daga Kaduna za su yi wasa a kan allurar shanu. Shugabansu wani Bature ne mai jan wuya. Tafintansu Elisha, mutumin kudancin Bauchi, Kirista, gajere mai faɗin murya. Majigin wancan lokaci ba ya magana, hoto ne kawai ke motsi. Elisha ne ke tsayawa a gefen mota da abin magana a hannu yana ba kowa murya. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, jama'a kuwa sun fi son ta a haka.

Shi ya sami Jalo a kara. Jauro yake ce wa kowane Bafillace.

"Kai, Jauro," ya ce, "Bature yana so saniyan nan ya mutu, amma kada ya mutu."

"To ka ce masa ya zaɓi ɗaya."

"Ya kwanta kamar matacce. In an gama ya tashi. Za ka iya, ko a nemo Bafillacen gaske?"

Jalo ya nufi saniyar. Ya ɗaura igiya a ƙaho, ya zagaya da ita bayan ƙafafun gaba, ya sake zagayawa a kwiɓi, ya ja a hankali. Saniyar ta durƙusa, ta kwanta. Ya shafa wuyanta yana yi mata raɗa, ya rufe mata ido da kunnenta, ta yi lamo kamar mushe. Aikin da aka ɗauke shi ke nan da farko. Wanda aka zaɓa ya fito a makiyayi mai taurin kai wani malamin ofis ne, Mansir, wanda ya riƙe sandar kiwo kamar laima. Jalo ya karɓa don ya nuna masa. Ya saɓa ta a wuya, ya rataye hannuwansa biyu a kai, ya harɗe ƙafa. Baturen ya kalle shi, ya kalli Mansir, ya ce Mansir ya cire rigar ya ba Jalo.

Kwana tara aka yi ana ɗauka. Ran ƙarshe aka kwantar da shanu goma sha biyu a wani fako, aka ce Jalo ya shigo ya tarar da su, ya durƙusa, ya yi magana. Aka matso da injin ɗaukar hoto kusa da fuskarsa.

"Me zan ce?" ya tambayi Elisha.

"Duk abin da ka ga dama. Injin kurma ne, ido kawai gare shi. Ko Baturen ka zaga ba komai, ni zan sa maka magana daga baya."

"Ba ya ji ko kaɗan?"

"Ko bindiga ka harba."

Jalo ya durƙusa. Ya fara kiran sunayen shanun ubansa da Fillanci, ɗaya bayan ɗaya: Wule, Saige, Nore, har ya kai ƙarshe. Sannan ya dubi idon injin ya ce, "Hamma, ba kai ba ne. Ni ne. Ni na kai su tafki, kuma an gaya mini." Hamma shi ne yadda Fulani ke kiran wa. Sau uku ya faɗa. Hawaye suka zo masa, irin waɗanda bai yi ba ran da aka rufe ubansa. Ba wanda ke jin Fillanci a wurin. Baturen ya yi ta murna, ya ce bai taɓa ganin gwani irin wannan ba.

Da suna naɗe igiyoyi Elisha ya ce, "Me kake ta faɗa haka?"

"Kirarin shanu ne."

"Kirarin nan naku yana da nauyi."

Wata shida bayan haka wasan ya fara yawo. In aka zo wurin da fuskar Jalo ta cika ƙyalle, sai Elisha ya maƙale murya ya ce, "Wayyo ni Ƙi-Allura, saniyana ya mutu, matana ya gudu, yau da ruwan rijiya zan ci tuwo." Fili ya ɗauki dariya. Sunan ya bi shi tun daga ranar. Masu majigi suka riƙa aiko masa duk lokacin da suke bukatar wawa, shi kuma bai taɓa ƙi ba. A sauran wasannin, in aka ce ya motsa baki, sunayen ƙofofin gari yake jerawa. Ya iya aikin ƙwarai: ya san yadda ake tafiyar mai girman kai, ya san daidai lokacin da kafaɗa ke faɗuwa. Dariyar da ake masa ba ta taɓa ɓata masa rai ba. Wanda ya san abin da ke cikinsa zai ce neman ta yake yi, kamar mai ƙaiƙayi da ya sami bango.

Ga abin da ke da wuyar haɗiyewa. Mutumin da ke cin abinci sau biyu a rana da wanda ke ji da ido ba zai manta cewa baki yana magana ko ba murya ba. Jalo ya sani. Ya ajiye maganarsa a wurin da mutum ɗaya tak a duniya zai iya ɗauka, sannan ya shafe shekara biyar yana tsaron kada mutumin ya je wurin. Duk ran da motar majigi ta shigo gari, yakan kawo wa wansa aikin igiya na gaggawa, ko ya ce masa wasan banza ne, na yara da mata.

Fulanin gari kuwa, waɗanda suka san labarin garken Modibbo, sun yi wa wasan tasu fassarar. Makiyayin da ya ƙi kai shanu allura har suka mutu, ai kowa ya san ko wane ne. Suka ce Jalo ya ɗauki abin kunyar wansa ya shimfiɗa a ƙyalle. Ba su ɓoye bakinsu a ƙofar masallaci ba, don sun ɗauka kurma ba ya ji. Hammajoda ya karanta su tsaf.

Sau ɗaya ya tayar da maganar, suna cikin cin tuwo.

"An ce ni ka yi a ƙyalle."

"Ba kai ba ne, Hamma."

"To wane ne?"

"Wani wawa ne kawai."

Hammajoda ya ɗan jima yana kallon bakinsa, kamar akwai sauran magana a ciki. Sannan ya ce, "Ba komai. In da wani zai gani ya kai nasa shanun allura, ai na yi amfani." Ya ci gaba da cin tuwonsa. Jalo ya tashi ya wanke hannu.

Makon 'yancin kai, a watan Oktoba na 1960, gari ya cika da tutoci da kiɗa. Aka sanar cewa za a kafa majigi a filin Ƙofar Dumi, taku kaɗan daga zauren Jalo. Da la'asar ya sami Elisha yana warware waya a bayan mota.

"Me za ku nuna?"

"Na sabon tuta, da na zaɓe. Amma ka san mutanenka, in ban sa musu kai ba za su jefe ni."

"Ka bar na shanun nan yau."

"Yau ka fara kunya? Bayan shekara biyar?" Elisha ya ɗaga gwangwanin da faifan ke ciki. "Duba, ya tsufa, duk ɗinki ne. An ce in mayar da shi Kaduna bayan biki. Daga yau ba mai sake ganinsa, sai ka huta."

"Daga yau?"

"Daga yau. In ka matsa sai in ce ya tsinke."

Jalo ya dubi gwangwanin. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tsira har abada. Ya ce, "Bar shi. Sa musu."

Da ya koma gida ya tarar Hammajoda ya sa farar rigarsa ta Juma'a.

"Yau zan je in ga kaina," in ji shi. "Tunda an kawo ni har ƙofar gida."

Jalo bai kawo aikin igiya ba. Ya ɗauki buzun wansa, ya ratsa jama'a ana ta kiransa Ƙi-Allura, ya shimfiɗa shi a sahun gaba, daidai tsakiyar ƙyalle. Ya zauna a bayansa.

Aka nuna tuta, aka nuna akwatin zaɓe. Jama'a suka fara kiran abin da suka zo gani, Elisha ya sa. Ga makiyayi da sanda a wuya, ga shi yana kora shanu cikin daji don kada masu allura su gan shi. Hammajoda yana zaune bai motsa ba. Sai fako, sai shanu a kwance, sai fuskar Jalo ta cika ƙyalle, bakinsa ya kai faɗin faifan tuwo. Elisha ya maƙale murya, fili ya fashe da dariya. A cikin mutum wajen dubu, Hammajoda kaɗai ne bai ji Elisha ba. Jalo yana kallon ƙeyarsa. Ya ga kan ya ɗan matsa gaba. Ya ga leɓen wansa daga gefe yana bin sunayen: Wule, Saige, Nore. Sannan leɓen ya tsaya.

Da aka tashi Hammajoda ya naɗe buzunsa da kansa, ya tafi gida bai waiwaya ba.

Washegari da hantsi ya kira Jalo ƙofar zaure, inda rana ke faɗowa. Ya kama haɓarsa ya juya ta wajen haske, kamar yadda ake duba haƙoran saniya.

"Na ƙyallen ya faɗa. Ina so in ji daga naka bakin."

Jalo ya faɗa. Ya faɗi tafkin, da tsohon da ya tare shi, da gindin kanya. Kubura tana tsaye a bayan zana da tulu a hannu, ta ji duka. Ta ajiye tulun a ƙasa a hankali ta koma ciki.

"Kana nan lokacin da Baba ya yi maganar," in ji Hammajoda.

"Ina nan."

"Ran da ya cika ma kana nan. Kai ka riƙe masa kai. Ni ya hana in shiga."

"Haka ne, Hamma."

"Shekara goma sha bakwai." Ya saki haɓar. "Naman da kake turo mini, ashe na biyan wannan ne."

Bai yi zagi ba, bai bar gidan ba, bai gaya wa kowa ba. Fulanin ƙofar masallaci sun ci gaba da fassararsu har suka mutu. Abin da ya yi shi ne ya daina kallon bakin Jalo. In ƙanen ya shigo zaure, sai ya sunkuya kan igiyarsa. In ya tsaya a gabansa yana magana, sai ya dubi bango. Mai kunne ba ya iya rufe kunnensa, amma kurma in ya kawar da ido ya gama da kai. Aka raba akushi. Duk abin da ya zama dole, ta bakin Kubura yake bi, ita ma ta rage magana a gidan tun daga ranar.

Shekara biyu aka yi a haka. Jalo ya fito a wasa biyu bayan nan, masu majigi suka ce wani abu ya tafi daga jikinsa, kafaɗar ba ta faɗuwa yadda ta saba. Da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, Elisha, wanda ya koma can da aiki, ya aiko masa ya zo a gwada shi. Ya je. Injin can yana ji. Aka ba shi magana ya haddace, ya haddace, amma in aka kunna fitilu sai muryarsa ta fito a bushe kamar mai karanta sammaci.

Elisha ya ja shi gefe. "Jauro, ina mutumin nan na fako? Shi suke nema."

"Ya riga ya faɗi abin da ke bakinsa."

"Kirarin shanun?"

"Shi."

Elisha ya dube shi. Ya raka shi tashar jirgi.

Wata uku ya yi a Kaduna. Ya iso Bauchi da la'asar, da jakarsa ta fata, ya tsaya a bakin zaure ya yi sallamar da ya san ba za a ji ba. Hammajoda yana wurinsa. Ya rame. Inuwar da ta faɗo masa ce ta sa ya san an shigo. Ya ci gaba da tufka har ya kai ƙarshen zaren, ya ƙulle, ya yanke da wuƙa.

"An ce injin can yana ji," ya ce, idonsa a kan igiyar.

Jalo ya buɗe baki zai amsa, ya tuna ba amfani, ya rufe.

Hammajoda ya ajiye wuƙar. Ya nuna wani wuri a kan tabarma, kusa da ƙofa.

"Kana tsaye cikin duhu," ya ce. "Dawo nan in ga bakinka."

Daga nan Jalo bai sake tsayawa gaban inji ba. Ya koma kara da kamun shanu, har ƙarfinsa ya ƙare. Hammajoda ya rasu bayan damina biyu, kuma Jalo ne ya riƙe masa kai. Ko ya yafe masa da baki, ba wanda ya sani, don ba kowa a ɗakin sai su biyu. A Ƙofar Dumi dai har yau tsofaffi in za su kwatanta gidan, gidan Ƙi-Allura suke cewa.